Akwatunan da Na Ɓoye a Ɗakin Salla

Zangonmu na farko Hong Kong ne, kuma a nan aka fara cutarmu. Jirgin da zai ƙarasa da mu Japan sai washegari, shi ya sa muka fita neman rigar sanyi, ni da Malam Idi. Kamfanin harhaɗa fanka da muke wa aiki a Kaduna ne ya tura mu, mu yi wata shida a masana'antar abokan hulɗarsa mu koyo sabon tsarin aiki. Ni injiniya ne, shekarata biyu da gama jami'a. Malam Idi shugaban makanikai ne, Bakano, ya girme ni da shekara goma sha biyar ko fiye. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma babu injin da ke masana'antarmu da bai taɓa kwancewa ya mayar ba. Da yake ni Bazazzagi ne, ɗan unguwar Limancin Kona a birnin Zariya, ya ɗauke ni abokin wasa, ko da yake ban cika iya ramawa ba.

Mai shagon ya ciro mana kwat biyu shuɗaye masu kauri, ya rantse cewa ulu ne tsantsa. Na shafa, na ji kamar akwai abin da bai yi daidai ba. Na ce wa Malam Idi, "Ina ganin kamar wataƙila ya kamata mu ɗan leƙa wani shagon, ko da yake wannan ma ba laifi."

"Injiniya, a saya ko kar a saya?"

"To, ai ban ce kar a saya ba."

Muka saya. Ranar da muka sauka Japan ana yayyafi. Kafin mu isa masauki shuni ya zubo daga kwat ɗin ya rine mana wuya da fararen rigunan da muka sa don a gan mu da mutunci. Haka muka tsaya gaban waɗanda suka zo tarbarmu, suna sunkuyawa muna sunkuyawa, kamar an tsamo mu daga marina. Malam Idi yana yi masu murmushi yana ce mini da Hausa, "Ni da na girma kusa da Ƙofar Mata ban taɓa rinuwa haka ba. Da ka buɗe baki ka ce a'a, da yanzu mu mutane ne."

Garin da masana'antar take ƙarami ne a bakin teku, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa daga babban birni. Aka ba mu ɗaki ɗaya a gidan kwanan ma'aikata, babu gado sai shimfiɗa a ƙasa, wadda ba ta dame ni ba don a kan tabarma na girma. Abin da ya dame ni abinci ne. Duk miyar da aka ajiye mini sai in ga kamar da naman alade a ciki. In na tambaya a yi mini murmushi a sunkuya, ni kuwa ban san ko murmushin e yake nufi ko a'a ba. Na koma farar shinkafa da dafaffen ƙwai, sai kifi idan na gan shi da kansa da jelarsa. Yajin da Inna ta ƙulla mini, wanda na yi zaton zai kai ni wata huɗu, ya ƙare a mako na biyar, saboda kullum Malam Idi yana ɗanɗanawa ya ji ko Zage-zagi sun iya daka. Wanka kuma a babban kwami ɗaya ake yi, maza goma a lokaci guda, kowa yadda uwarsa ta haife shi. Na nemi bokiti.

Shirun garin ya fi komai ci mini rai. A unguwarmu ba ka bukatar agogo. Ladanin ƙofar gidanmu zai ɗauka, na bayan gidan Liman ya karɓa, har kiran ya zagaye birni. A can kuwa sai ƙarar jirgin ƙasa da kukan tsuntsayen teku. Nakan duba agogo sau goma kafin azahar, ina tsoron ta wuce ni ban sani ba.

A Kaduna, yadda muka saba, kowane sashe yana yin iya abin da zai iya ya tura gaba. Masu naɗa waya su naɗa, masu buga fukafuki su buga, a jibge a sito har rufi, manaja ya zagayo ya ga kaya ya ji daɗi. Mun iske su a can Japan suna tsakiyar rushe irin wannan tsarin, sashe bayan sashe. A makon da muka isa ma ake kwance kantocin babban sitonsu ana fitar da su waje. Na tsaya ina kallo kamar rumbun gidanmu ake rushewa.

Wanda aka damƙa mu a hannunsa sunansa Kondo, shugaban sashen harhaɗawa, gajere mai furfura. Turancinsa bai fi kalma ɗari ba, kuma tsiminsu yake. Ya ɗauko wani akwatin roba mai cin kwayil goma sha biyu, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke juya fanka. A jikin akwatin akwai kati. Ya nuna mana cewa idan masu harhaɗawa suka gama da akwati, sai a cire katin a mayar wa masu naɗi. Katin shi ne izini, kati ɗaya akwati ɗaya. In babu kati, masu naɗi su kashe inji su share wurinsu, ko da waya na nan jibge kuma hantsi bai dubi ludayi ba. Haka layin ƙarshe ke jawo abin da yake bukata daga na bayansa, shi ma ya jawo daga na bayansa, har zuwa ƙofar da kaya ke shigowa.

Malam Idi ya riga ni ganewa, abin da har yau yake ɗan sosa mini rai. Ya ce, "Ai tsarin mai waina ne. Ba ta zuba ƙullu sai an kwashe ta cikin tanda. Don wannan aka sa mu a jirgi kwana biyu?"

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na tambayi Kondo, cikin ladabi, in inji ya lalace fa, tunda babu ajiya?

Ya ce, "Layi ya tsaya."

Na ce, "Sannan fa?"

"Mu gani. Mu gyara." Ya juya ya tafi.

Ya kamata a san gidan da na fito. Mahaifina makwafin littattafai ne, zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Inna ba ta taɓa tuƙa tuwo daidai da bakunan gida ba, kullum sai da malmala biyu ko uku a kai, rabon baƙon da bai iso ba tukuna. Ranar da tukunya ta ƙare aka yi sallama, Baba ya kwana uku yana maganar. Kuma na bar Nijeriya a shekarun da ake bin layin sabulu da madara, wanda duk ya samu biyu ba ya sayen ɗaya. A Kaduna mun taɓa yin makonni a zaune saboda wata 'yar roba da ba ta iso daga tashar jirgin ruwa ba. Ban ce wannan ya wanke ni ba. Ina dai faɗin abin da ke cikin kaina ne a lokacin.

Aka tura Malam Idi sashen fenti. Ni mai digiri aka ba ni amalanke. Aikina in kwashi katuna daga layi na uku in kai wa masu naɗi, in ɗauko cikakkun akwatuna in dawo da su, safe har yamma. Katuna takwas ne ke zagayawa tsakanin wuraren biyu, kuma duk ta hannuna suke bi. Na rubuta wa Baba cewa an ba ni kula da zirga-zirgar kayayyaki, wanda ba ƙarya ba ne in aka duba.

Shugabar layi na uku wata dattijuwa ce mai suna Hayashi, wadda aka ce ta shekara talatin a wurin. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Malam Idi ya sa mata Gwaggo, muka ci gaba da kiranta haka a tsakaninmu. Ita ce ta gan mu wata rana muna salla a bayan masana'anta a kan kwali, iskar teku tana kaɗa mu. Washegari ta yafito ni da hannu, ta kai ni wani ɗan ɗaki a gefen hanyar da ake bi zuwa wurin cin abinci. Da ɗakin tsintsiya da bokitai ne. Ta kwashe su, ta goge ƙasan, ta shimfiɗa tabarma. Ta nuna mini ƙusar da take rataye makullin a bayan kujerarta. A masana'antar nan kowace ƙofa akwai sunan mai alhakinta a jiki, wannan kuwa sunanta ne a kai. Ban san yadda ake godiya mai yawa da harshensu ba, na dai yi ta sunkuyawa har ta gaji ta tafi.

A mako na uku layin ya tsaya a gabana. Injin naɗi yana da halin tsinka waya, in kuwa ya tsinka sai an ɗauki lokaci kafin a sake zura ta. Rannan ya tsinka sau biyu a jere. Akwatin ƙarshe ya ƙare a layi na uku, Gwaggo ta ja igiyar da ke rataye bisa kanta, jar fitila ta kama, wani kiɗa mai kama da na abin wasan yara ya tashi, mutum goma sha huɗu suka sauke hannu. Ni kuma ga ni a tsakiyar fili da amalanke wayam. Babu wanda ya ɗora mini laifi. Mai yiwuwa ma ba ni suke kallo ba. Amma ni ji na yi kamar baƙi goma sha huɗu sun zauna a zauren Baba, an wanke hannu, na shigo da akushi babu tuwo.

Ran Lahadi na shiga wani kantin kayan rubutu na sayi takarda mai kauri da alƙaluma. Na san abin da ke cikin takardar da muka sa wa hannu a Kaduna: wanda duk ya karya dokar masu masauki za a maido shi gida nan take, babu takardar shaida. Na karanta wannan layin ya fi sau ashirin kafin in taso. Amma na gaya wa kaina cewa wannan ba karya doka ba ne sosai, taimako ne, kuma na ɗan lokaci.

Tun ina shekara tara nake taya Baba kwafin littattafai, kuma ya hore ni in kwafi abin da ido ya gani, ba abin da kai ya zata ba. Ban san ma'anar harafi ko ɗaya a katin nan ba, amma na zana shi layi bayan layi. Jan hatimin Kondo ma na fitar da shi da siririn alƙalami, har da ɗan wurin da ya ɓantare a gefensa. Ran Litinin na saka katin a allon masu naɗi tare da sauran. Suka cika akwati, ko kallo na biyu ba su yi masa ba. Na tura amalanke na wuce layi na uku, na shigar da akwatin ɗakin salla, na rufe shi da shuɗin kwat ɗin nan, wanda dama ba shi da wani amfani.

Da azahar, bayan mun idar, Malam Idi ya ɗaga gefen kwat ɗin.

"Injiniya, mene ne wannan?"

"Ɗan tanadi ne. Ko da wani abu zai faru."

"Bazazzagi ya zo Japan ya gina rumbu." Ya mayar da kwat ɗin yadda yake. "Sunan wa ke jikin ƙofar nan?"

"Na Gwaggo."

"To."

Abin ya yi aiki, wannan ce matsalar. Duk sanda waya ta tsinke sai in zagaya in fito da akwatina, layi ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Katin ya dawo hannuna, in sake kai shi, a sake cikawa, in sake ɓoyewa. Sauran layuka kullum jar fitila da kiɗa, namu shiru. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Abin da ban sani ba shi ne, a tsarin Kondo, layin da ya daɗe bai tsaya ba rage masa kati ake yi, don kaya su ƙara raguwa, duk wata cuta da ke kwance a ƙasa ta fito fili. Ya zo ya tsaya a gefen layi na uku, hannu a baya, ya yi kusan awa yana kallo. Sannan ya zare kati ɗaya ya sa a aljihu. Takwas suka koma bakwai. Ran Lahadi na zana wani. Bayan mako biyu ya zare, na zana. Muka zama kamar masu dara, sai dai ɗayanmu bai san ana wasa da shi ba. Ni ina ganin na riƙe masu layi da hannu biyu, shi kuma kullum ƙara tsuke mini wuya yake. A taron safe har yabon masu naɗi aka yi, injinsu kuwa yana nan yana tsinka waya sau uku a yini. Na tsaya cikin sahu ina tafi tare da kowa.

Kafin ƙarshen shekara ya zare huɗu, ni na zana biyar. Na biyar ɗin tanadi ne a kan tanadi. Ɗakin ya ƙuntace har ba ma iya jerawa ni da Malam Idi. Ya ce, "Saura kaɗan mu hau kan rumbun naka mu yi sallar." Ko Gwaggo ta sani? Ina zaton ta lura akwatuna na fitowa ta inda bai kamata ba. Ba ni da tabbas. Ba ta taɓa shiga ɗakin ba tun ranar da ta ba mu shi.

Suna da wata al'ada da babu wanda ya gaya mana, ko kuma an faɗa da harshensu. Ranar aiki ta ƙarshe a shekara ba a kunna inji. Kowa, har babban manaja, zai ɗaura ƙyalle a ka ya kama shara da guga, kuma kowace ƙofa sai an buɗe an fito da duk abin da ke ciki. Ni aka ba ni tsani in goge fitilun can ƙarshen zauren. Daga saman tsanin na hango Gwaggo ta ciro makullin ɗakin salla, Kondo yana bayanta.

Aka jera akwatuna biyar a tsakiyar hanya, kwayil sittin. Kondo ya durƙusa ya duba katunan ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗaga murya ba. Ya yi magana kaɗan, Gwaggo ta amsa, sannan ta sunkuya ƙasa sosai ta zauna a haka, mutane suna tsaye da tsintsiya a hannu. Malam Idi, wanda ya tsinci harshensu wajen barkwanci da masu fenti, ya zo gindin tsanin ya ce a hankali, "Ta ce ɗakinta ne, laifinta ne." Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. Na goge fitilar da ke gabana har sau uku. Ban sauko ba sai da aka watse.

Aka rufe masana'anta kwana biyar don hutun sabuwar shekara. Kantuna a rufe, gidan kwana ya zama kango, kowa ya tafi wajen danginsa. A cikin kwanakin ne wasiƙar Baba ta iso, da ajami kamar kullum. Ya ce katangar bayan gida da damina ta ci an ɗaga ta. Akuyar Inna ta haifi biyu. In na samu tabarau mai ƙara girman rubutu in taho masa da shi. Sannan ya ce duk wanda ya shigo zaure sai ya tambayi labarina, kuma Liman ya sa an yi mini addu'a ranar Juma'a, Allah ya dawo da ni da takardar da na je nema. Na zauna ina hango kaina na sauka a Ƙofar Doka wata uku kafin lokaci, ina ratsa lungunan birni da akwati a ka, kowane zaure ana tambayata, "A'a, har an gama?"

Rana ta uku muka fita bakin teku da hantsi, don ɗakin ya ishe mu. Na ce, "Malam Idi, a ganinka me ya kamata?"

Ya karkatar da kai ya kwaikwayi muryata. "To, ni ban ce ka faɗa ba, ban kuma ce kar ka faɗa ba. Wataƙila akwai yiwuwar..."

"Don Allah ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. In ka faɗa, ba mamaki har ni a haɗa a kora, tunda na gani na yi shiru. 'Ya'yana bakwai, Injiniya. Kar ka tambaye ni, amsar da zan ba ka ba mai kyau ba ce." Muka yi tafiya kaɗan. Goronsa ya daɗe da ƙarewa, tsinken ashana yake taunawa. Ya tofar ya ce, "Masu fenti sun ce shekara ɗaya ta rage wa Gwaggo ta ajiye aiki. Naɗe kwali za a mayar da ita."

Ranar da aka koma, na riga kowa zuwa ofishin Kondo. Na shirya maganar tun a hanya, amma da na buɗe baki sai ta fito yadda ta saba. Na ce masa ina ganin akwai yiwuwar cewa ba lallai ne a ce alhakin abin da ya faru yana wuyan mutum ɗaya ba, kuma mai yiwuwa in aka duba da kyau za a ga wasu dalilai. Ya saurare ni har na gama. A cikin kalmominsa ɗari babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya ce, "Kana tausayi. Na gode." Ya nuna mini agogo, lokacin taron safe ya yi.

Muka jeru. Aka yi motsa jikin da ake yi kowace safiya da kiɗa. Sannan Kondo ya fito da takarda ya karanta, na ji sunan Hayashi, na ga wata mata daga layi na biyu ta matso gaba don ta karɓi layin. Gwaggo ta cire jan ƙyallen shugabanci daga damtsenta, ta ninke shi, ta miƙa da hannu biyu.

Ban san sanda na bar sahu ba. Na ce da Turanci, "Ni ne." Muryata ta fito siririya. Na sake cewa, "Ni na zana katunan. Ni na ɓoye akwatunan. Ba ta sani ba."

Wani ya fassara. Sai na ga abin da ban taɓa kawowa a raina ba: ba su yarda ba. Wasu har murmushi suke, sun ɗauka baƙo ne ke son ya fanshi tsohuwa. Kondo ya girgiza kai ya ce, "Kai ba ka iya rubutunmu ba." Wato bayan kwana biyar ban ci abincin kirki ba, na tattaro duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni, sai kuma na kawo shaidar cewa ni mai laifi ne.

Na ce a ba ni takarda da alƙalami. Aka kawo tebur tsakiyar fili. Na zauna gaban mutum fiye da ɗari na zana katin daga ka, har da jan hatimin da ɓantarensa. Kondo ya ɗora nawa kusa da nasa ya daɗe yana kallo. Sannan ya tattaro katunan layi na uku duka, na gaske da na jabu, ya zube a gabana ya ce in ware. Shi kansa ya kasa. Na ware masa biyar.

Ya ce, "Me ya sa?"

Na so in yi masa bayanin malmalar baƙo, da layin sabulu, da 'yar robar da ta zaunar da mu a Kaduna. Abin da ya fito kawai shi ne, a gidanmu ba a barin tukunya ta ƙare. Ban san ko ya gane ba. Ya ce, "Wata biyu. Injin naɗi ciwo. Ban gani ba. Kai ka rufe." Ya ɗauki jan ƙyallen ya mayar wa Gwaggo.

A ranar, da katuna huɗu kacal, layi na uku ya tsaya sau shida. Kowane tsayi mutane suka riƙa wuce ni da amalankena suna zuwa su kewaye injin naɗi. A rana ta uku suka gano wata 'yar ƙaramar taya da waya ke bi ta kanta, ta cinye ta yi kaifi. Canza ta bai kai shan shayi ba. Wata biyu ina kwana da fargaba saboda abin da bai kai kwabo girma ba.

Ba a kore ni ba, ba a kuma taɓa Malam Idi ba. Amma wasiƙar da Kondo ya haɗo ni da ita shafi biyu ce, ta faɗi komai, har da fitowar da na yi gaban jama'a. Ina kyautata zaton manajanmu shafin farko kawai ya karanta. Da aka tashi kawo tsarin kati a Kaduna, Malam Idi aka ba shugabanci, ni na yi shekara huɗu ina mataimakinsa, ina tasowa daga Zariya kowace Litinin da asuba. Aikin da ya ware mini shi ne leƙa ƙarƙashin tebura da bayan injuna, wai mai rumbu ya san inda ake gina rumbu. Kuma nakan samu.

Wannan duk daga baya ne. A ranar da na yi maganar, da azahar ta yi, ban doshi ɗakin ba. Na ɗauki kwali na nufi ƙofar baya, ana zuba ƙanƙara. Gwaggo ta sha gabana, fuskarta a ɗaure, ta nuna mini hanyar ɗakin da haɓa. Na je na tarar Kondo ya sa an cire ƙofar ɗungurungum. Tabarmar tana nan, amma ɗakin a buɗe yake ga hanyar da kowa ke bi zuwa cin abinci, ga amalanke na wucewa, ga mutanen da suka gama kallona da safe. Na tsaya ina jan ƙafa. Malam Idi ya ce, "Shiga mana, Injiniya, ko sai an zana maka kati?"

Muka shiga. Sai Gwaggo ta zo ta tsaya a bakin ƙofar, ta ba mu baya, ta fuskanci hanya, kwanon abincinta a hannu ba ta buɗe ba. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika rabin ƙofar ba, amma duk wanda ya zo wucewa sai ya kawar da kai. Da muka yi sallama ta tafi abinta.

Ba ta sake amsa gaisuwata ba har na bar ƙasar. Amma wata ukun da suka rage, azahar da la'asar, ba ta yi fashin tsayuwa a ƙofar nan ba ko sau ɗaya.